Wai me ake nufi da "gigin tsufa" ne?

Kwanan nan duk dattijon ɗan siyasar da ya yi tuntuɓen harshe a gaban jama'a sai ka ji an ce ai gigin tsufa ne, masu tallan ƙwallon matsawa da zoben roba na motsa yatsu su ma sun ara sun yafa, wai maganin gigin tsufa suke sayarwa. Abin yana min ciwo wallahi.

Gigi fa shi ne irin wanda yaro ke yi in an tashe shi tsakiyar barci, ya miƙe yana laluben ƙofa a jikin bango, ka ɗan girgiza shi ya dawo hayyacinsa. Shi gigin tsufa kuwa ba ya wartsakewa, kuma liƙa masa tsufa da muka yi ne ya sa ake ɗauka duk wanda ya daɗe a duniya sai ya yi, alhali cuta ce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali. Likitoci na ce mata dimenshiya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya yi bayani a kanta a 1906 ma tana shekara 51 aka kai ta asibiti, ina tsufan yake? Manta inda ka ajiye makulli daban, ka riƙe makullin kana jujjuya shi ba ka san amfaninsa ba daban.

Kayan motsa hannun kuwa ban raina su ba. In cutar ta yi nisa har ɓalla maɓallin riga ko kai cokali baki sai ya gagara, to ƙwallon matsawa da ƙyallen da ake ɗinka wa zif da maɓallai aikinsu kenan, kada yatsu su sandare, kuma hannun nan da ke ta cukuikuyar zanin gado don rashin natsuwa ya samu abin riƙewa. Amma ba sa dawo da sunan jikan da ya ɓace wa mai cutar, har yau babu maganin da ke warkar da cutar, duk wanda ya ce maka ƙwallonsa na yi kuɗinka yake so. In za a ba tsoho a zauna kusa da shi a yi tare na ɗan lokaci, in ya ture a ƙyale shi, a kuma duba kada abin ya zama mai ƙananan ƙwayoyin da zai iya cirewa ya jefa baki.