Mene ne makullin sirri na walet ɗin kirifto?

Kuɗin kirifto ba sa kwana a cikin kwamfutarka, ko da walet yana nuna maka adadinsu a allo. Suna rubuce ne a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke hannunka shi ne makullin sirri: wata doguwar lamba, a Bitcoin mai bit 256, da ake rubutawa da haruffa da alƙaluma 64. Da ita ake sa hannu kan kowane aike. Duk wanda ya same ta, kuɗin sun zama nasa, kuma abin da aka tura ba ya dawowa.

Manhajar Bitcoin Core tana ajiye makullanta a fayil mai suna wallet.dat. Tun 2011 ake iya kulle shi da kalmar sirri, amma sai mai shi ya kunna da kansa. In bai yi ba, wanda ya kwafe fayil ɗin a filas ya kwashe komai. Wasu walet ɗin kuma kalmomi 12 ko 24 suke ba ka, daga jerin kalmomi 2048 na tsarin BIP39 da ya fito a 2013, kuma daga gare su ake fitar da makullan gaba ɗaya. Ɗaukar hoton kalmomin ko tura wa kai ta imel ganganci ne, wurinsu takarda.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne ɗauka cewa kalmar sirri ta gama magana. Tana tsare fayil ne yana kwance. Idan wata muguwar manhaja ta shigo ta hanyar satacciyar manhaja ko maƙalar imel, sai ta laɓe har ka buga kalmar, ta haɗa da fayil ɗin ta aika wa ubangidanta. Wata ma ba ruwanta da makulli: kana kwafar adireshin wanda za ka biya, ta musanya shi da na ɓarawo, ka liƙa ba ka duba ba. BitLocker da FileVault, manhajojin da ke kulle faifan kwamfuta gaba ɗaya, suna da amfani, amma sai ranar da aka sace kwamfutar a kashe.

Ɓata ma asara ce. James Howells na Newport a Wales ya ce a 2013 aka zubar da faifan kwamfutarsa a juji, ɗauke da makullin Bitcoin kusan 8,000, kuma a farkon 2025 kotu ta yi watsi da ƙarar da ya shigar a kai.

A ganina, kwamfutar da ake hawa intanet da ita kullum kuɗin kashewa kawai ya kamata ta riƙe. Manyan kuɗi a mayar da su na'urar walet irin Trezor ko Ledger, inda makullin ba ya fita waje, kuma kafin ka amince da aike ka karanta adireshin a ɗan allon na'urar, daga farko har ƙarshe.