Waiwaye: Wa zai biya kuɗin sauyin yanayi?

Kusan duk shekara in aka zo babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sai ka ji wakilai sun kwana ido biyu, wa'adi ya wuce ana ta ja-in-ja, ƙarshe a fito da takarda kowa na gunaguni. To wannan rigimar ba ta yau ba ce, tun daga taron Rio de Janeiro na ƙasar Brazil take a 1992. A can ne aka amince cewa matsalar ta kowa ce amma nauyin ba ɗaya ba, wato wanda ya daɗe yana ƙona kwal da mai shi ya kamata ya fara ragewa. A baki kowa ya yarda.

Da aka je Kyoto a 1997 sai aka ɗora wa ƙasashe masu arziki rage hayaƙinsu mai ɗumama duniya da kusan kashi 5 cikin ɗari ƙasa da na 1990, su Sin da Indiya kuwa ba a ɗora musu komai ba. Amma tun kafin a tafi taron majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'a 95, babu ko ɗaya da ya ƙi, cewa ba ruwansu da duk yarjejeniyar da ta kyale ƙasashe masu tasowa. Shugaba Bush ya zo a 2001 ya yi fatali da yarjejeniyar Kyoto gaba ɗaya. Haka Amurka take har yau, yarjejeniyar Paris ta 2015 ma an shiga da Obama, Trump ya fita, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake sa hannun fita a Janairun 2025, kai ka ce ƙofar kasuwa.

Turai ita doka ta bi. A 2005 ta buɗe kasuwar hayaƙi inda manyan masana'antu sai sun mallaki izini kan kowane tan da suka fitar, kuma gaskiya hayaƙinta ya ragu sosai. Sai dai fa kar a manta ta riga ta gina arzikinta da kwal tun tuni, sannan kaya da yawa da Turawa ke amfani da su yanzu a Asiya ake ƙera su, hayaƙin kuma a lissafin Asiya yake shiga.

Ni dai lamarin Sin ya fi ba ni mamaki. Wajen 2006 ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a fitar da hayaƙi, har yanzu tana gina tashoshin wuta na kwal, amma kuma ita ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin ɗari na faifan sola na duniya, ita ta karya farashinsa har talaka ya fara saye, abun da taruka da yawa suka kasa yi. Ta ce kafin 2060 za ta daidaita hayaƙinta, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda take cirewa daga iska ba, Indiya ta ce ita sai 2070, ta bari mutanenta su samu wuta tukuna.

Waɗanda abun ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne ƙananan tsibirai. Tun 1991 Vanuatu ta nemi a kafa wani asusu don ƙasashen da teku ke cinyewa, aka yi kunnen uwar shegu da ita. A 2009 shugaban Maldives Mohamed Nasheed ya yi zaman majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa don duniya ta gani. Sai a 2022 a Sharm el-Sheikh, bayan ambaliyar Pakistan, aka yarda da asusun asara da ɓarna, shekara 31 kenan ana roƙo.

Afirka kuwa hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, don haka maganarta kullum ɗaya ce, ina kuɗin? A Copenhagen a 2009 an yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawa bashi ne ba kyauta ba. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka ce za a ba da biliyan 300 a shekara zuwa 2035, ana buga guduma wakiliyar Indiya ta karɓi magana ta ce ƙasarta ba ta amince ba.