Intabiyun shiga makarantar kasuwanci: tambayoyi da amsoshi

Ka rubuta GMAT ko GRE, jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema kafin su ɗauke ka, ka tura takardun neman MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, sai ga saƙo ana gayyatarka intabiyu. Ga tambayoyin da masu wannan shiri suka fi yi, da amsa gwargwadon abin da na sani.

In an kira ni intabiyu, an ɗauke ni kenan?

A'a, amma ka matso kusa. Makarantu irin Harvard da Stanford na Amurka ba kowa suke kira ba, sai wanda takardunsa suka burge su. Kaga sun riga sun yarda kana da kai, yanzu so suke su ji ko mutumin da ke cikin takarda shi ne zaune a gabansu.

Wa zai yi min tambayoyin?

Kowace makaranta da tsarinta, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata ka bincika tun kafin ka fara haɗa amsoshi. A Harvard minti 30 ne, kuma mai tambayar ma'aikacin sashen ɗaukar ɗalibai ne wanda ya karance fayil ɗinka tas, zai iya ɗauko layi ɗaya a CV ɗinka ya yi ta tona shi har sai ya ga ƙarshensa. A Stanford yawanci tsohon ɗalibi ne wanda CV kawai ya gani. INSEAD, mai harabobi a Faransa da Singapo, tana haɗa ka da tsofaffin ɗalibanta guda 2, kowa da nasa zaman. Wharton ta Amurka kuwa tara ku suke yi, mutum 5 ko 6, a ba ku minti 35 ku tattauna wata matsala ku fito da shawara ɗaya, suna kallon wa ke sauraro, wa ke danne maganar mutane, wa ya yi shiru kamar ba ya wurin. In ta gida kake nema, kamar Lagos Business School ko Dangote Business School ta jami'ar Bayero a Kano, ka tuntuɓi ofishinsu ko wani da ya gama can ya faɗa maka yadda suke yi.

Me suka fi tambaya?

Ba mu labarinka. Me ya sa MBA, kuma me ya sa yanzu? Me ya sa makarantarmu? Daga nan sai su shiga "ba mu labarin wani lokaci da ka jagoranci mutane", ko lokacin da kuka saɓa da ogan ka, ko lokacin da aiki ya lalace a hannunka. Tambayar me ya sa makarantarmu ita ce ta fi kayar da mutane, don cewa "makarantarku ta yi suna a duniya" ba amsa ba ce, kowa haka zai ce. Ka san darussan da suke koyarwa, ka yi magana da ɗalibansu, ka faɗi takamaimai abin da za ka ɗauka a can ka yi me da shi in ka dawo.

Ni fa ban iya yabon kaina ba, ya zan yi?

Toh nan ne ya fi damuna, wallahi. Mun taso da kunya da kawaici, an koya mana mutum ba ya faɗin alherinsa da bakinsa, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma sai ka ga yarinya mai hazaƙa wadda ita ta tsara aiki, ita ta kwana a kansa, ita ta shawo kan kwastoma, an tambaye ta sai ta ce "Allah ya taimake mu muka yi", ta tsaya a nan. Mai tambayar bai san komai ba sai abin da kika faɗa masa, 'yar'uwa. Ki gode wa Allah, ki ambaci abokan aikinki, sannan ki faɗi naki: ga matsalar da muka samu, ga shawarar da ni na kawo, ga yadda na bi, ga abin da ya fito. Wannan ba fariya ba ce, shaida ce kike bayarwa a kan abin da ya faru, in kin rage ma kin tauye gaskiya. Haka kallon ido, a gida sunkuyar da kai ladabi ne a gaban babba, a wurinsu kuma sai su ɗauka ba ka da tabbas da maganarka.

Ban taɓa aiki a banki ko babban kamfani ba, shagon babanmu nake riƙewa. Zan iya gogawa da su?

Sosai ma. Wanda ya riƙe shago a Kantin Kwari ko ya yi harkar hatsi a Dawanau ya san bashi, ya san yadda faɗuwar naira ke cinye riba tsakanin saro kaya da sayar da su, ya san yadda ake tafiyar da yaran shago. Da yawan waɗanda za ku zauna aji ɗaya a littafi kawai suka ga wannan. Amma ka zo da lissafi, yara nawa ne a ƙarƙashinka, ciniki ya tashi daga nawa zuwa nawa, me ka canja. Kuma kar ka ƙara gishiri, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tambaya biyu za su bi ka da ita ka rikice.

In haddace amsoshi?

Kar ka haddace, ana ganewa. Ka tanadi labarai 5 ko 6 daga aikinka, ciki har da na wanda bai yi nasara ba da abin da ka gyara bayansa, ka yi ta faɗinsu da baki ga wani aboki da ba zai ji nauyin katse ka ba. Kowace amsa kar ta wuce minti 2. Karin harshenka kuma ba matsala ba ne, ka dai rage sauri.

In ta Zoom ne fa?

Ka nemi wurin da ba za a ɗauke wuta a tsakiyar magana ba, ka tanadi layi na biyu na data, ka gwada kyamara da sauti tun da wuri. Ka lura da agogo, Najeriya na gaban Boston, inda makarantar kasuwancin Harvard take, da awa 5 ko 6, ya danganta da lokacin shekara.

Bayan an gama sai me?

Ka tura gajeren saƙon godiya ga wanda ya yi maka intabiyun. Da ka tashi ka rubuta abubuwan da aka tattauna tun ba ka manta ba, musamman in Harvard ce, don su za su buƙaci ka tura musu rubutaccen tsokaci a kan hirar cikin awa 24.