Tambayoyi Biyar Kan LSD da Abin da Yake Yi wa Ƙwaƙwalwa

Mene ne LSD, kuma wa ya fara haɗa shi?

Sinadari ne da ake haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje, daga wani abu da ake tatsa a jikin naman gwari mai fitowa a jikin hatsi. Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwizalan, ya fara haɗa shi a 1938 a kamfanin Sandoz da ke Basel, yana neman maganin da zai ƙarfafa numfashi da zagayawar jini. Ba a ga amfaninsa ba, aka ajiye shi. Sai ranar 19 ga Afrilu, 1943, ya sha maikirogiram 250 da gangan, a zatonsa kaɗan ne. Da ƙyar ya kai gida a kan keke, hanya da gidaje na ta lanƙwashewa a idonsa.

Ta yaya abu kaɗan haka yake juya tunani?

Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, kuma 100 kacal kan isa. Siffar LSD ta yi kama da ta serotonin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Don haka yana shiga mazaunin serotonin, musamman wanda ake kira 5-HT2A, kamar ɗan makullin da ba na ƙofar ba amma ya buɗe ta. Daga nan sassan ƙwaƙwalwa da ba su saba hulɗa sosai ba sai su fara musayar saƙo. Shi ya sa launuka ke ƙara haske, bango ke motsi, minti ɗaya ya zama kamar awa, wasu har su ce suna ganin sauti. A jiki kuma, ƙwayar ido tana buɗewa, bugun zuciya da hawan jini su ɗan ƙaru, barci ya ƙaurace.

Me ya sa yake daɗewa?

Yakan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya ɗauki awa 8 zuwa 12. Wannan ne ya fi ba ni mamaki. A 2017 masu bincike a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun nuna cewa idan LSD ya shiga mazauninsa, wani sashe na mazaunin yana rufe shi kamar murfi, sai ya daɗe bai fita ba. Wanda abin ya juye masa zuwa firgici ba ya iya dakatar da shi da kansa, dole ya jira ko a kai shi asibiti.

Yana kama mutum ya kasa dainawa kamar koken (hodar iblis)?

Ba ta wannan hanyar ba. Jiki yana sabawa da shi da sauri, washegari adadi ɗaya ba zai yi aiki kamar jiya ba, kuma daina shi ba ya kawo ciwon jiki.

To ina haɗarin yake?

Mafi yawansa hankali yake shafa. Tsoro mai tsanani na iya sa mutum ya faɗo daga sama ko ya shiga titi bai sani ba. Wanda ke da taɓin hankali, ko akwai shi a danginsa, LSD na iya tayar masa da cutar. Wasu kaɗan suna ci gaba da ganin walƙiya da inuwa watanni bayan sun daina. Haɗa shi da lithium, maganin da ake ba wasu masu taɓin hankali, na iya jawo farfaɗiya.

Abin da ya fi damuna shi ne na jabu. Tun bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 da ta sa shi cikin jerin mafi tsauraran haramci, wanda ake sayarwa a ɓoye ba shi da tabbas. Ana ɗiga wasu sinadarai, irin su NBOMe, a kan 'yar takarda a ce LSD ne. Ido ba ya bambance su, kuma NBOMe ya kashe mutane da adadi kaɗan.