Waiwaye: Launin fata da aljihun iyaye a ladabtar da ɗalibai a Amurka

A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun fararen fata da na baƙaƙe. Yara sun fara haɗuwa a aji ɗaya, sai bambancin ya koma ofishin shugaban makaranta. A 1975 ƙungiyar Children's Defense Fund ta bi alkaluman gwamnati, ta tarar ana dakatar da yaran baƙaƙe ninki biyu na fararen fata. A shekarar ce kotun ta yanke, a shari'ar Goss da Lopez daga Ohio, cewa ko dakatarwar kwana 10 ce sai an faɗa wa yaro laifinsa, an ji ta bakinsa. A aikace, wannan jin bakin kan ƙare a tsayuwar 'yan mintuna.

Dokar 1994 ta tilasta korar shekara guda ga wanda ya shigo da bindiga makaranta. Hukumomin ilimi na gundumomi suka ɗora a kai, suka sa faɗa da gardama cikin laifukan da ba sani ba sabo. Bayan harin bindiga da aka kai a makarantar sakandaren Columbine a 1999, 'yan sanda suka ƙaru a makarantu.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin laifin da ake rubutawa. Binciken masanin ilimi Russell Skiba na 2002 ya nuna an fi tura farar fata ofis kan abin da ido ya gani: shan taba, fasa kaya, fita babu izini. Baƙar fata kuwa kan rashin kunya, hayaniya, ko "barazana", abubuwan da malami ne ke aunawa da ransa. Ko da aka cire tasirin talauci, giɓin bai rufe ba. Alkaluman 2011 zuwa 2012 sun fi tayar da hankali: yaran baƙaƙe kashi 18 cikin 100 ne na 'yan nazire, amma su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Yara ne 'yan shekara huɗu fa.

Kuɗi kuma na aiki daga lokacin da aka buga wa iyaye waya. Mai hali ya zo da lauya, ko da takardar likita. Idan yaro na da rajistar naƙasa, doka ta ce kafin a raba shi da aji fiye da kwana 10 sai an zauna an duba ko larurar ce ta jawo halin. Uwar da ake biya da awa ba za ta iya barin aiki ba, sai a yanke hukunci a bayan idonta.

A Janairun 2014 gwamnatin Obama ta gargaɗi makarantu cewa irin wannan giɓi na iya saɓa dokar hana wariya. Gwamnatin Trump ta janye gargaɗin a Disambar 2018. Jihar Kalifoniya ta bi ta kan tushen: a 2014 ta hana dakatar da yaro saboda "taurin kai" daga nazire zuwa aji 3, sannan dokar 2023 ta faɗaɗa hanin har ƙarshen sakandare.