Liangcha

Liangcha wani tsimi ne na ganyaye, furanni da saiwoyi da ake sha a kudancin ƙasar Sin, musamman a lardunan Guangdong da Guangxi da biranen Hong Kong da Macau. Da harshen Kantonis, na mutanen Guangdong da Hong Kong, ana ce masa leung cha. Ma'anar sunan ita ce "shayi mai sanyi", amma sunan na iya ruɗar baƙo: galibi da ɗuminsa ake sha, kuma yawancin nau'o'insa babu ko ƙwayar ganyen shayi a ciki. Sanyin da ake nufi na cikin jiki ne.

A maganin gargajiyar Sin, ana ɗora kurajen baki, kaushin maƙogwaro, jan ido da taurin bayan gida a kan zafi da ya taru a jiki, abin da suke kira shanghuo. Yankin Guangdong kuwa ga zafi ga laima, ga soye-soye, don haka mutanensa suka mayar da wannan tsimi abin sha na yau da kullum.

Haɗin ya danganta da gida. Mafi shahara shi ne "ɗanɗano 24", baƙi ƙirin mai ɗacin gaske, wanda ba lallai kayan haɗinsa su cika 24 daidai ba, kowane shago da sirrinsa. Akwai kuma shayin furanni biyar, mai sauƙin sha, da ake haɗawa da furen juhua, na jinyinhua da na wata bishiya 'yar uwar gurjiya. Wasu kan ƙara saiwar gancao ko ɗan itacen luohanguo don zaƙi. Ana tafasa kayan a tukunyar ƙasa na tsawon lokaci. A tsofaffin shaguna, a kwano ake zubawa a rufe da faifan gilashi, mutum ya shanye a tsaye, a miƙa masa busasshen ɓawon lemo ya kashe ɗacin.

Sunan da ya fi daɗewa a sana'ar shi ne Wong Lo Kat, ko Wanglaoji, wanda Wong Chak Bong ya kafa a Guangzhou a 1828. Na gwangwanin zamani an cika shi da sukari, ya fi kusa da lemon kwalba. Kuɗin da ke cikinsa ya kai kamfanin JDB, mai sayar da shi a jan gwangwani bisa hayar sunan, da kamfanin Guangzhou Pharmaceutical, mai sunan, gaban shari'a: a 2012 sunan ya koma hannun na biyun, a 2017 kuma kotun ƙolin Sin ta ce dukansu su yi amfani da jan gwangwanin.

A 2006 gwamnatin Sin ta sa liangcha cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Masu maganin gargajiyar da kansu sukan hana masu ciki da masu raunin ciki yawan shansa. Hukumomi a Guangdong sun kuma sha kama masu shaguna da ke barbaɗa garin farasitamol a tukunya don a ce tsiminsu na aiki da sauri.