Waiwaye: Hukuncin da ya sa aka hana 'yan kallo kai ƙarar 'yan wasan golf

A majalisun Zariya, daga Samaru zuwa Sabon Gari, idan gardamar VAR ta yi zafi ba a rasa mai cewa na'ura ta kashe armashin ƙwallon ƙafa. Masu bibiyar ƙwallon lambu, wato golf, sun riga kowa shan wannan ɗaci, kuma har yau ba su gama musu kan abin da ya sami 'yar wasan Amurka Lexi Thompson a 2017 ba.

Sai an fahimci yadda ake lissafi kafin a gane rigimar. A golf wanda ya fi ƙarancin bugu ke cin gasa, kuma ɗan wasa shi ne alƙalin kansa. Abokin bugunsa ke rubuta masa a kati yawan bugun da ya yi a kowane rami cikin 18, shi kuma ya duba ya sa hannu. In lambar da aka rubuta a wani rami ta fi ta gaskiya, haka za ta zauna. In ta gaza, a kore shi daga gasa. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya gama rami na 17 da bugu 3, Tommy Aaron ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai lura ba. Bugu ɗayan nan ya ba Bob Goalby kofi.

Talabijin ce ta dagula wannan tsari. A 1987 Craig Stadler ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai don ya buga ƙwallon da ta shige ƙarƙashin bishiya. Washegari aka sake nuna hoton, masu kallo suka buga waya cewa ya gyara wa kansa wurin tsayawa. Laifin na bugu 2 ne, amma ya riga ya sa hannu a kati babu su, sai aka kore shi. A 2016 aka sassauta: wanda bai san ya yi laifi ba, ba za a kore shi ba, za a ɗora masa bugun laifin, a ƙara wasu 2 na katin da bai yi daidai ba.

Wannan sassaucin ne ya faɗa kan Thompson a gasar ANA Inspiration a Kalifoniya. Doka ta ce in ƙwallo tana kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ana iya ɗaga ta, amma sai an ajiye alama, galibi ɗan kwabo, dab da ita, sannan a mayar da ita daidai inda take. Ranar Asabar a rami na 17, Thompson ta sa alamarta daga gefe, ta ɗaga, ta mayar da ƙwallon ɗan nesa kaɗan da gurbinta. Anan kuskuren ke yawan shiga: wanda ya sa alama daga gefe, ya zo mayarwa ya ajiye ƙwallo a gaban alamar, ya canza wuri ke nan. Wani mai kallo ya aika imel ranar Lahadi. Tana kan gaba, bayan rami na 12, aka sanar da ita tarar bugu 4, wato 2 na canza gurbi da 2 na kati. Ta ci gaba da wasa tana hawaye, ta yi kunnen doki da Ryu So-yeon ta Koriya ta Kudu, ta faɗi a bugun raba gardama.

Masu goyon bayan hukuncin suna da hujja, domin ƙwallon ta bar gurbinta, kuma bugu 2 na farko halal ne. Amma na biyun zalunci ne a ganinmu. Ta yaya za a hukunta mutum don bai rubuta tarar da babu wanda ya sani lokacin da yake sa hannu ba? Ga kuma rashin daidaito: kyamara na bin taurari da masu jan gaba, saura suna bugu ba mai ɗaukarsu.

R&A ta St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, masu rubuta dokokin wasan, ba su ɓata lokaci ba. A cikin watan Afrilun 2017, watan da aka gama gasar, suka ce abin da ido ba zai iya gani ba sai da kyamara ba laifi ba ne, kuma za a karɓi kintacen ɗan wasa in ya yi iya ƙoƙarinsa wajen gano gurbi. Daga 1 ga Janairu 2018 aka daina sauraren ƙarar 'yan kallo, aka sa jami'ai su riƙa bin hoton da kansu, aka soke ƙarin bugu 2 na kati.

Ga mai buga wasa a filin golf na Zariya, inda babu kyamara, tarar buga ƙwallo daga gurbin da ba nata ba tana nan, bugu 2. Ya sa alama a bayan ƙwallo, ya mayar da ita kafin ya ɗauke alamar, ya kuma karanta katinsa rami bayan rami kafin ya sa hannu, domin jimilla aikin kwamiti ne, amma lambar kowane rami a wuyansa take.